Filin Tambayoyinku: Wanda ya ƙwaci mulki da bindiga, me zai yi da alƙali?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan rabinsu magana ɗaya suke, wato yadda sojoji ke wasa da doka da kotu bayan sun kifar da gwamnati, shine na ce bari kawai in ba wa batun filin gaba ɗaya. Masu tambayar gado da haya ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah wani abu ne ke ɗaure min kai, sojoji sun yi juyin mulki sun jingine tsarin mulki kowa ya san bindiga ce ta ba su kujerar, toh meye kuma na kiran alƙali ya rantsar da su da kai mutane kotu? Ai da sun yi abin da suke so kawai tunda ba mai hana su. (Daga wani ɗalibin jami'a)

AMSA: Ƙanina tambayarka ta yi kyau, kuma amsar tana cikin maganarka, ka ce kowa ya san bindiga ce ta ba su. Toh matsalar kenan a wajensu, ba sa son a ci gaba da sanin hakan. Bindiga za ta iya kama maka gidan rediyo da fadar shugaban ƙasa cikin dare ɗaya, amma washegari akwai akawun da zai biya albashi, akwai bankin da ake so ya ba da bashi, akwai jakadu, akwai ɗan sandan da za a ce ya je ya kama wane, kowannensu so yake a nuna masa takarda mai hatimi wadda gobe in abin ya juye zai ce ai ni doka na bi. Soja ba zai tsaya a kan kowane tebur da bindiga ba, sojojin ma ba su kai yawan teburan ba.

Shi ya sa in ka lura sanarwar farko ba ta rushe kotuna. Majalisa ake rushewa, jam'iyyu ake haramtawa, a jingine sassan tsarin mulki da suka tsaya musu a wuya, amma sai ka ji an ce kotuna su ci gaba da aiki. A Najeriya dikiri (wato dokar da gwamnatin soja ke kafawa) na 1 na 1966 haka ya yi, ya ɗauke ikon yin doka ya damƙa wa gwamnatin soja, sannan ya ce ba kotun da ke da hurumin duba ingancin dikiri. Kaga an bar alƙali da rigarsa da kujerarsa, an dai yanke masa harshe a kan abu ɗaya.

Inda aka fara ɗinka wa wannan abu rigar ilimi sosai shine Pakistan. Ranar 7 ga Oktoba 1958 shugaba Iskander Mirza ya soke tsarin mulki ya kafa dokar soja tare da Janar Ayub Khan, sai ga wani kes na wani mutum mai suna Dosso ya iso kotun ƙoli. Babban joji Muhammad Munir ya ɗauko ra'ayin wani masanin shari'a ɗan Ostiriya Hans Kelsen, ya ce juyin da ya yi nasara har jama'a suka bi shi ya zama sabon tushen doka da kansa. Ma'ana in ka gwada ka faɗi kai maci amanar ƙasa ne a rataye ka, in ka ci kuma kai ne doka. Abin dariyar, cikin kwana ɗaya da wannan hukunci Ayub ya kori shi Mirzan ya tura shi gudun hijira, kuma da hujjar Munir ɗin ba abin da Mirza zai ce, tunda shi ma na biyun ya yi nasara. Wannan fatawa ta yi yawo a duniya, a Yuganda kotu ta jingina da ita a shari'ar Matovu ta halasta wa Milton Obote soke tsarin mulkin da ya yi a 1966, babban jojin a lokacin ma ɗan Najeriya ne, Udo Udoma.

Har yanzu kuma abin bai tsufa ba. A Zimbabuwe Nuwamban 2017 bayan tankoki sun zagaye Mugabe, alƙalin babbar kotu George Chiweshe, wanda shi kansa tsohon babban soja ne, ya yanke cewa abin da sojojin suka yi bai saɓa wa tsarin mulki ba. A Mali ƙarshen Mayun 2021 kotun tsarin mulki ce ta ayyana Assimi Goita shugaban ƙasa, hujjarta wai kujerar ba kowa a kai tunda shugaban riƙo ya yi murabus, alhali murabus ɗin a hannun sojoji ya yi shi yana tsare. A Masar kuma 2013 da aka cire Mursi shugaban kotun tsarin mulkin kansa Adly Mansour aka ɗora a matsayin shugaban riƙo, don kar a ce soja ne a kan kujera.

TAMBAYA: Ɗana ni dattijo ne na ga mulkin soja iri iri. A 1984 da aka riƙa ɗaure gwamnoni shekaru rututu wallahi murna muka yi, dan mun ga yadda suka yi da dukiyar jama'a, kotun farar hula kuwa sai a shekara goma ana ɗage zama ɓarawo na yawo da babbar riga. Ku lauyoyi kullum sai ku ce haƙƙin ɗan adam. Toh ɓarawo ba ɓarawo bane dan soja ne ya kama shi? (Daga wani tsohon ma'aikaci)

AMSA: Baba Allah Ya ƙara girma da lafiya. Ba zan yi maka musu a kan satar ba, an yi ta, kuma fushin da kuka yi fushi ne na gaskiya, wanda bai ɗanɗana shi ba bai kamata ya raina shi ba. Maganar ɗage zama ma gaskiyarka ce, mu masu baƙar riga muna da namu alhakin a nan, kuma wannan jan ƙafar ne ke sa jama'a su yi wa tirabunal, wato kotun soja ta musamman, tafi. Ɓarawo ɓarawo ne ko wa ya kama shi. Inda zan roƙi ka tsaya mu duba tare shine, wace hanya aka bi aka gane ɓarawon daga wanda ba ɓarawo ba, kuma da aka gane ɗin ya yi wani amfani?

Dikiri na 3 na 1984 shi ya kafa waɗancan kotunan na musamman. Soja ne ke shugabanta, alƙali ɗan rakiya ne a cikinsu, wanda ake tuhuma shi zai kawo hujjar cewa dukiyarsa ta halal ce, ba ɗaukaka ƙara, majalisar ƙoli ta soja ita ke tabbatar da hukunci, wato waɗanda suka kama ka su suka rubuta dokar, su suka naɗa masu shari'ar, su ne kuma afil ɗinka. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙaurace wa zaman, Gani Fawehinmi ne ya ɓalle ya ce shi zai shiga. Yanzu Baba ga ma'aunin da ni nake amfani da shi, ba na kirga mutum nawa kotu ta ɗaure, ina duba wanda ta wanke ne, ya tafi gida ko bai tafi ba? Adekunle Ajasin tsohon gwamnan Ondo, dattijo tukuf a lokacin, an kai shi gaban tirabunal ba a same shi da laifi ba, aka sake kai shi nan ma ba a samu ba, amma ya ci gaba da zama a tsare, saboda akwai dikiri na 2 wanda ya ba da dama a tsare mutum ba caji ba shari'a da sunan tsaron ƙasa kuma kotu ba ta da bakin magana. Toh in wanda aka samu da laifi yana ciki, wanda aka wanke ma yana ciki, zaman kotun na meye? Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Alex Ekwueme yana gidan yarin Kirikiri, Shagari na ɗaurin talala, sai a 1986 bayan wata gwamnatin sojan ta zo kwamitin mai shari'a Uwaifo ya ce ba a same su da laifin cin kuɗi ba.

Sannan wuƙar da aka wasa don ɓarayi ba ta tsaya kan ɓarayi ba, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A shekarar nan dai aka yi dikiri na 4, aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu Tunde Thompson da Nduka Irabor shekara guda guda a kan labarin naɗin jakadu, dokar kuma an tsara ta yadda ko labarinka gaskiya ne in ya kunyata jami'in gwamnati ka shiga uku. Aka yi dikiri na 20 aka mayar da shi baya ya hau kan laifin da aka riga aka yi, ranar 10 ga Afrilu 1985 aka bindige samari uku a kan hodar iblis, Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Ni ban ce waliyyai bane. Amma ace mutum ya yi laifi lokacin da hukuncinsa ɗauri ne, daga baya a rubuta kisa a ce ya shafe shi, wannan ko a hankalce Baba ka san ba daidai bane, dan doka gargaɗi ce, ba a gargaɗin mutum kan abin da ya riga ya wuce.

Kuma ka tuna yadda ta ƙare. Agustan 1985 Babangida ya zo, ya soke dikiri na 4 aka yi ta tafi, ya saki mutane, aka zaftare waɗancan shekarun rututun, da yawa cikin waɗanda aka ɗaure suka dawo siyasa da ƙarfinsu har suna cewa bita da ƙulli aka yi musu, kuma wa zai ƙaryata su tunda shari'ar ba ta bi hanya ba? Nan ne asarar take a ganina, ɓarawon gaske ya samu rigar wanda aka zalunta ya saka. Dikiri na 2 kuwa Babangida bai soke shi ba, ya ajiye abinsa, Abacha ya gada, sai 1999 aka rabu da shi.

TAMBAYA: Barista ni abin da ban gane ba, za a ce shugaba ya ci amanar ƙasa ya yi maguɗin zaɓe shi ya sa aka cire shi, amma in an zo kotu sai ka ji wani ɗan ƙaramin caji kaman wasa. Meye hikimar? (Daga wata malamar makaranta)

AMSA: 'Yar'uwa kin lura da kyau. A Myanmar da sojoji suka kifar da gwamnati ranar 1 ga Fabrairu 2021 hujjarsu maguɗin zaɓen Nuwamban 2020 ce, amma cajin farko da aka yi wa jagorar gwamnatin Aung San Suu Kyi na shigo da oba-oba ne ba lasin, shi kuma shugaban ƙasar Win Myint aka ce ya karya dokar korona wajen kamfen. Daga nan aka riƙa ɗora caji kan caji ana shari'a a rufe, zuwa ƙarshen 2022 jimillar ɗaurinta ta kai shekara 33, mace mai shekara saba'in da ɗoriya.

Dalili biyu ne. Babban caji yana buƙatar hujja, kuma yana ba wanda ake tuhuma dandalin magana, in ki ce ya ci amanar ƙasa zai miƙe ya ce toh waye ya fito da tanka tsakanina da ku? Ƙaramin caji kuwa yau a rubuta gobe a samu dalilin tsarewa. Na biyun shine ƙasƙantarwa. A Turkiyya bayan juyin 1960 an gurfanar da mutum 592 a tsibirin Yassiada, kuma cikin shari'o'in farko akwai ta kare, wai shugaban ƙasa Celal Bayar ya sayar wa gidan zu karen da sarkin Afganistan ya ba shi kyauta, sai kuma wata ta jariri da aka so a ɓata firaminista Adnan Menderes da ita, wadda ma ba ta tsaya ba. So ake jama'a su daina ganin shugaba su koma ganin ɗan ƙaramin macuci, in ya so ranar da za a yi babban abin ba mai kuka. Aka yanke wa 15 kisa, aka rataye uku, Menderes ranar 17 ga Satumba 1961. A 1990 aka tono gawarsa aka sake binne ta da girmamawar gwamnati, yau filin jirgin saman Izmir sunansa yake ɗauke da shi.

TAMBAYA: Malam wai duk alƙalan nan matsorata ne ko 'yan amshin shata? Ba a taɓa samun wanda ya dubi soja ya ce masa a'a ba? (Daga wani mai karanta shari'a a aji uku)

AMSA: An samu mana, kuma kar ka yi saurin zagin wanda ba ka zauna a kujerarsa ba. Tunda kana aji uku na san an koya maka Lakanmi, amma bari in faɗa saboda sauran jama'a. Gwamnatin soja ta jihar Yamma ta ƙwace kadarorin wani mutum Lakanmi da 'yarsa, da suka je kotu sai gwamnatin tarayya ta yi dikiri na 45 na 1968 ta jero sunayen mutane a ciki har da nasu ta ce ƙwacen ya zauna. A Afrilun 1970 kotun ƙoli ƙarƙashin Adetokunbo Ademola ta ce a'a, wannan ba yin doka bane yanke hukunci ne, kuma aikin kotu ne, ta ƙara da cewa abin da ya faru a Janairun 1966 ma miƙa mulki ne na wucin gadi da ministoci suka yi don haka tsarin mulki na nan da ransa. Gaskiya sun yi jarumta. Mako biyu kacal gwamnatin Gowon ta fito da dikiri na 28 na 1970, ta ce abin da aka yi juyin juya hali ne, dikiri na sama da komai, duk hukuncin da ya ce ba haka ba, na baya da na gaba, ya zama banza. Shikenan aka rufe babin, kuma kusan duk gwamnatin sojan da ta biyo baya sai da ta yi irin nata.

A Fiji ranar 9 ga Afrilu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta ce gwamnatin sojan Bainimarama haramtacciya ce, washegari aka soke tsarin mulkin aka sallami alƙalan ƙasar kaf. Waɗannan ma sun ci sa'a aiki kawai suka rasa. Benedicto Kiwanuka babban jojin Yuganda, Idi Amin ne da kansa ya naɗa shi, da ya fara yanke hukuncin da bai yi wa sojoji daɗi ba a Satumban 1972 aka shiga har harabar kotu aka tafi da shi, ba a sake ganinsa da rai ba. A Gana ranar 30 ga Yuni 1982 aka ɗauke alƙalan babbar kotu uku daga gidajensu da dare, cikinsu har da mace mai shayarwa Cecilia Koranteng-Addow, aka kashe su aka cinna wa gawarwakin wuta, kuma dukkansu sun taɓa duba shari'o'in mutanen da sojojin da suka yi juyin 1979 suka hukunta. Alƙalin da ya ji wannan labari ba sai an buga masa waya ba, gemun ɗan'uwansa ya gani yana ci da wuta.

Akwai kuma hanyar da ba jini, wadda ta fi yawa ma, wato tace alƙalan. Janar Musharraf na Pakistan a Janairun 2000 ya ce kowane alƙali ya sake rantsuwa a kan dokarsa ta wucin gadi, babban joji Saeeduzzaman Siddiqui da wasu suka ƙi aka sallame su, waɗanda suka rage bayan 'yan watanni suka halasta juyin har suka ba shi shekara uku da ikon taɓa tsarin mulki. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Shari'ar tsohon firaministan Pakistan Zulfikar Ali Bhutto ma haka, bayan Ziya'ul Haƙ ya kifar da shi a Yulin 1977 aka tono wani kes na kisan kai na 1974, wani alƙali ya ba shi beli, kwana kaɗan aka sake kama shi da dokar soja. A kotun ƙoli alƙalai tara suka fara zama, ɗaya ya yi ritaya ana tsaka da shari'a, ɗaya ya kwanta ciwo, bakwai suka rage, huɗu suka ce a kashe uku suka ce a sake shi. Aka rataye shi ranar 4 ga Afrilu 1979. Sai a Maris 2024 kotun ƙolin ta fito ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba, shekara 45 kenan fa.

Wannan ne ma abin da ke ba ni haushi da wasu jarumtakar kotu, ihu bayan hari. A 1972 kotun ƙolin Pakistan ta kira Janar Yahya Khan ɗan ƙwace ta yi watsi da fatawar Dosso, an yi ta yabo, amma Yahya ya riga ya sauka tun Disamban 1971. Da Ziya ya zo da ƙarfinsa bayan shekara biyar kotun dai ta samo masa wata hujjar, wai larura.

Duk da haka ƙanina kar ka ce a'a ɗin ba ta da amfani. Ita ce ke tilasta wa soja ya cire safar hannu ya yi abin da hannunsa tsirara kowa na kallo, kuma dama abin da yake gudu kenan tun farko.

TAMBAYA: Toh kotunan waje fa, irin ta ECOWAS? Na ji ta ce a saki Bazoum amma shiru. (Daga wani ɗan kasuwa)

AMSA: Eh ta faɗa, a Disamban 2023 ta ce tsare Mohamed Bazoum da iyalinsa ya saɓa doka a sake su. Amma ɗan'uwa kotu ba ta da soja ba ta da kurkuku, gwamnatin ƙasa ce ke aiwatar mata da hukunci, a nan kuma gwamnatin ita ce wadda aka kai ƙara. Abin lura shine su ma sojojin Yamai ba su ce ba ruwansu da kotu ba, tasu suka kafa, kotun ƙasa wadda ta maye gurbin manyan kotunan da, ita ce a Yunin 2024 ta cire masa rigar kariya don a tuhume shi da cin amanar ƙasa. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar gaba ɗaya, aka cika shekara biyu da juyin a Yulin 2025 yana tsare ba a fara shari'ar ba. Kuma ba sabon abu bane, Diori Hamani da Kountche ya kifar a 1974 shekara shida ya yi a tsare, sannan ɗaurin talala har 1987. Wani lokacin cajin da ke rataye a kan mutum ya fi wa masu mulki amfani da hukuncin, dan hukunci yana da ranar ƙarewa.

TAMBAYA: Malam su kuma masu juyin mulkin in sun sauka ba a iya kai su kotu? Ko shikenan sun ci bulus? (Daga wata ma'aikaciyar jinya)

AMSA: 'Yar'uwa su ma sun san wannan tambayar na zuwa, shi ya sa aikin ƙarshe da suke yi kafin su miƙa mulki shine su yafe wa kansu. Gana ta saka kariyar cikin tsarin mulkin 1992, Nijar ta saka afuwa ga masu juyin 1996 da na 1999 cikin tsarin mulkin 1999, wato har da waɗanda suka kashe Ba'are Mainasara, Chile ta yi dokar afuwa a 1978 Pinochet na kan kujera. Sai dai katangar takan rushe wani lokaci. Sojojin Ajantina sun yi wa kansu afuwa a 1983, gwamnatin Alfonsin na hawa ta soke ta, a 1985 aka yanke wa Janar Videla ɗaurin rai da rai, Menem ya yafe masa a 1990, aka sake ɗaure shi a 2010, a gidan yari ya mutu a 2013. A Koriya ta Kudu masu gabatar da ƙara a 1995 cewa suka yi juyin da ya yi nasara ba a hukunta shi, kin ga fatawar Munir ce ta sake dawowa, jama'a suka fito kan titi aka yi doka ta musamman, a 1996 aka yanke wa Chun Doo-hwan kisa, aka mayar da shi rai da rai, ƙarshen 1997 aka yi masa afuwa. Kenan Evren na Turkiyya ya yi juyi a 1980 ya kare kansa a tsarin mulkin 1982, sai da ƙuri'ar raba gardama ta 2010 ta cire kariyar, a 2014 aka ba shi rai da rai aka sauke shi zuwa kurtu yana da shekara casa'in da wani abu yana kwance asibiti, bai kwana gidan yari ba ya mutu a 2015. A Burkina Faso kisan Sankara na 1987 sai a Afrilun 2022 aka yanke hukunci, Blaise Compaore ya samu rai da rai yana zaune abinsa a Kodebuwa.

A Najeriya kuwa ba shugaban sojan da aka taɓa gurfanarwa don ya kifar da gwamnati. Waɗanda suka gwada suka faɗi su aka ɗaure a jikin turke, su Dimka a 1976, su Orkar a 1990, har da waɗanda aka ce sun yi niyya kawai irin su Mamman Vatsa a 1986, ga Shehu Musa 'Yar'aduwa da aka yi wa shari'ar sirri a 1995 ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disamban 1997. Kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan adam da aka kafa a 1999 ya gayyaci tsofaffin shugabannin soja uku su zo su yi bayani, ba wanda ya je. Tsarin mulkin 1999 ɗin kansa da dikiri na 24 aka ƙaddamar da shi, sashe na 1 ya haramta karɓar mulki ta hanyar da ba ta tsarin mulki ba, amma ki buɗe sashe na 6 ki gangara ƙasa kaɗan, za ki ga an hana kotu sauraron duk ƙarar da ke tambayar ko waɗanda suka yi dokoki tun daga 15 ga Janairu 1966 suna da ikon yin su.